Kunnen Aro

Da kunne na yi aikina shekara talatin da ɗoriya, ko da yake hannuna mutane ke yabo. Ni mai sassaƙa ƙarfe ne a Azare. Injin da nake aiki da shi muna kiransa tana, ba tanar damina ba, wannan bai san laushi ba. Damƙe ƙarfe yake yi a bakinsa ya yi ta juya shi, ni kuma in kara masa wuƙa ta yi ta feƙe shi har ya kai kaurin da ake so. Duk rikicin sana'ar a wurin gudun juyin nan yake. In ya yi yawa, wuƙa ta ƙone, ƙarfe ya ɗauki zafi. In ya yi kaɗan, fuskar aikin ta fito da kaushi, mai kaya ya shafa ya taɓe baki. Kowane ƙarfe da gudun da yake so, kowane kauri da nasa.

Injina ya girme ni. Wajen maigidana da ya koya mini sana'ar na gaje shi, Allah ya ji ƙansa, shi ma a hannun wani ya saya. A jikinsa akwai ɗan faranti da a da aka rubuta cewa giya kaza tana ba da gudu kaza, amma tun kafin in zo hannaye da baƙin mai sun cinye rubutun. Ko da yana nan ma ba zai yi amfani ba, domin da maigidana ya gaji da jiran wutar lantarki sai ya fasa bango, ya haɗa injin da bel zuwa wani injin dizal da ya kafa a bayan shago. Gudu ya koma ya danganta da giyar da ka sa da kuma yawan man da ka sakar wa dizal ɗin. Babu lamba ko ɗaya a ko'ina. Ina yaro sai maigidana ya sa in juya wa injin baya, ya ƙara mai ko ya rage, ya ce in faɗi ko wannan kukan na yankan tagulla ne ko na baƙin ƙarfe. In na kuskure ya ja mini kunnen, wai tunda ba ya aiki gara a tabbatar yana nan. Da haka na koya, har ya zama ko ina alwala a waje na san abin da injin ke ciki.

Ban san ranar da jina ya fara tafiya ba. Maiɗakina ce ta fara lura, amma ita ta ɗauka kunnen uwar shegu nake yi mata, musamman da ta ga maganar cefane ce ta fi wuce ni. Daga nan rediyo ya fara yin ƙasa-ƙasa, na yi ta zagin batir. Sai abin ya kai ga gaisuwa. Mu nan gaisuwa tana da layinta, ko ba ka ji ba ka san abin da ke biye, don haka na daɗe ina rufa wa kaina asiri da "lafiya lau" da "madalla". Asirin ya tonu ran da wani dattijo daga Sakwa ya tsaya a ƙofar shago ya gaya mini ƙaninsa, wanda nake gyara wa injin ban-ruwa, ya rasu. Na washe baki na ce madalla, haka ake so. Kallon da ya yi mini har yau ina ganinsa. Na bi shi har gida na yi ta'aziyya na ba da haƙuri, ya ce ba komai, amma na daɗe ban iya haɗa ido da mutane ba.

Likita ya leƙa kunnen, ya sa mini wani abu a ka yana kaɗa ƙara ina ɗaga hannu. Ya ce ƙarar inji ce ta cinye shi a hankali. Na hagu ya tafi, na dama saura kaɗan, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. 'Ya'yana suka saya mini ɗan abin nan da ake maƙalawa a kunne. A gida yana taimako. A shago kuwa tattara duk ƙarar duniya yake yi, dizal da walda da babura, ya dama su wuri ɗaya ya ɗura mini a ka. Na cire shi na sa a aljihu.

Duk wannan bai tsorata ni ba sai ran da bel ya fara tsinkewa. Maƙwabcina mai walda Babarbare ne, ni kuma mahaifiyata Bafulatana ce, don haka tun da muka haɗa bango ba mu taɓa gaisawa babu tsokana ba. Shi ya ji ƙarar daga shagonsa, ya tsallako da gudu ya kashe dizal. Ni ina tsaye a kan aiki ban san wainar da ake toyawa ba, ga bel yana ta kai bulala a bayan ƙeyata. Ranar bai tsokane ni ba, ya dai dafa kafaɗata ya koma. Shirun nan nasa ya fi bel ɗin tayar mini da hankali.

Labari ya riga ni isa gida. Bayan la'asar sai ga Yayana, mai sayar da hatsi a kasuwa. Ya zauna ta gefen damana ya ɗaga murya.

"Ka yi iya yinka. Ga shago can, ga tabarma, ga inuwa. Ka zo ka zauna kusa da ni. Gero ba ya bukatar a saurare shi."

"Yaya, ni da ko cika mudu ban iya ba?"

"Za ka koya. Gara mu gan ka kana awo da a kawo mana kai a kwance."

Maiɗakina ma na ga gefen Yaya take. Na san gaskiya suke faɗa, kuma ƙauna ce ta sa. Ni dai na tsani zaman nan tun kafin in fara shi. Na hango kaina a kan tabarmar, ana yi mini magana da hannu, in baƙo ya tambaya a ce masa, "Ai da shi ne mai tana." Kalmar "da" ɗin nan ce ta fi yi mini ciwo.

Babbar 'yata ce ta shiga tsakani. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwata nake ce mata, ita kuwa ta riƙe muƙamin da gaske, faɗa take yi mini kamar ita ta haife ni. Ta karanci aikin lantarki, tana aure a nan cikin gari, tana haɗa wa mutane sola a gidaje. Ta roƙi Yaya ya ɗan saurara mata. Bel da duk abin da ke iya tsinkewa ta sa mai walda ya yi musu keji na ƙarfe. Maganar gudu kuma ta ce akwai mitar da ke nuna shi.

Abin da ta kawo bai wuce tafin hannu ba. Ɗan akwati ne mai jajayen lambobi, da waya, da wani ɗan ƙarfe mai tsawon yatsa a ƙarshen wayar, sai maganaɗisu ƙanƙane da bai fi ƙwayar wake ba. Ta manna maganaɗisun a jikin sandar da ke juya bakin injin, can ƙarshenta ta baya, ta kafa ɗan ƙarfen daf da shi. Ta ce duk lokacin da maganaɗisun ya zagayo ya wuce ta gabansa zai ji shi ya ƙirga ɗaya, akwatin kuma ya nuna zagaye nawa ake yi a minti. Na tambaye ta sunan ɗan ƙarfen, ta ce sansa. Na ce to ai wanda ya raɗa masa suna ya san Hausa, tunda sansana yake yi. Tun daga ranar hanci nake ce masa.

Na fara da ƙarafan da na sani kamar yunwar cikina. In na ga ɓawon da wuƙa ke fitarwa ya nannaɗe yadda nake so, fuskar aiki ta yi sumul, sai in ɗaga kai in dubi lamba in haddace. A haka na gano ashe ƙarfe mai kaurin wuyan hannu wajen ɗari biyu yake so, siriri kuma ya ninka haka ya ƙara. Abin da na sani da kunne shekara da shekaru ashe yana da lamba, ni ban taɓa sani ba. Na yi murna irin wadda na manta rabona da ita. Mai walda ya leƙo ya ga ina kallon akwati ina murmushi, ya matso kunnena ya ce, "Gani ya kori ji, Bafulatani. Dama kunnen naka ban da kukan shanu me yake ji?" Da na ji tsokana ta dawo sai na san shi ma hankalinsa ya kwanta.

Yaya ne bai gamsu ba. Ya zo ya dubi akwatin sama da ƙasa ya ce zanen aro ba ya rufe katara, kunnen aro ma haka. Amma ya yarda a ga kaka. In abin ya riƙe ni har aka gama aikin kaka, ya janye maganarsa. In ya ba da matsala, in rufe shago in same shi a kasuwa ba tare da gardama ba. Na yi masa alkawari a gaban maiɗakina.

Ana tsakiyar yankan shinkafa wani Alhaji daga Disina ya sauka a ƙofar shago da karyayyen shaf a bayan babur. Shaf shi ne doguwar sandar ƙarfen da ke juya cikin injin casar shinkafarsa. Tsohon abokin hulɗata ne. Ya ce buhunan mutane na nan jibge har waje, in taimaka. Na ce ya dawo gobe. Na zaɓo ƙarfe mai kyau cikin waɗanda nake ɓoyewa, na damƙa wa injin, na tayar da dizal.

Mita ta nuna ɗari da 'yan kai. Na ƙara mai. Ta hau kaɗan ta tsaya tana rawa. Na sake ƙarawa. Idona ya ce mini bakin injin nan yana gudu fiye da yadda na saba gani, ɓawon ƙarfe kuma ya fara fitowa shuɗi, alamar zafi. A da ba zan yi shawara da kowa ba, rage mai zan yi. Amma mutumin da ya ce madalla a kan rasuwa ya riga ya daina yarda da kansa. Na ce wataƙila ƙarfen ne mai tauri, na bi lamba. Wuƙa ta dakushe, na wasa ta na ci gaba. Na auna wurin da boris zai zauna, wato zoben ƙarfen da shaf ke juyawa a cikinsa, ya yi daidai, ban kula da cewa ƙarfen na da zafi ya kumbura ba. Da ya huce na zura boris, sai ya faɗa sululu yana lilo. Ƙarfen da aka feƙe kuwa ba a mayar masa da nama.

Na kashe dizal na zauna a kan benci. Ban ji haushin mita ba, tsoro na ji. In ita ce mai gaskiya, to ba kunne kaɗai ya tafi ba, ido da hannu ma sun bi shi. In kuma ita ce ta yi ƙarya, to Yaya ya ci gari, kunnen aro ba kunne ba ne. Ta duk inda na biyo, a kan tabarmar kasuwa nake ɓullowa.

Da Alhaji ya dawo na nuna masa ɓarnar. Ya jujjuya shaf ɗin ya ajiye, ya matso ya ce, "Malam, ai ba yau muka fara ba. Sai dai shinkafar nan ba tawa ba ce, ta mutane ce. Zan jira ka zuwa Juma'a. In bai yiwu ba kada ka ji komai, sai in gwada wani wuri." Bai faɗa da ɓacin rai ba, kuma hakan ya fi zafi.

Na aika aka kira Uwata. Kafin ta iso na yi abin da na saba yi duk zuwanta: na kwashe tarkacen da ke kan injin, na share ɓurɓushi, na goge mai, don kada ta ɓata hijabinta. Ta saurari labarin har ƙarshe ta ce, "Baba, kafin mu zargi mita ko mu zarge ka, mu nemo alƙali tukuna." Ta ɗauki alli ta ja layi a bakin injin. Muka sa giya mafi sanyi, wadda ido ke iya bi. Ita tana duba agogon wayarta, ni ina ƙirga zagayowar allin. Da minti ya cika ta taɓa ni na faɗi abin da na samu. Muka dubi akwati. Daidai wa daida. Muka sake, haka.

Na ce, "Shi ke nan, Uwata. Mitarki lafiyarta ƙalau. Ni ne na ƙare."

"Wa ya ce? Maƙaryaci ma in ya ga alƙali ai gaskiya yake faɗa. Ka bari mu kama shi a hanya."

Ta bi abin ɗaya bayan ɗaya. Ta auna ɗan batir ɗin da ke ba akwatin wuta, yana cike. Ta bi wayar da yatsa ko ɓera ya ɗana, babu komai, amma ta ɗaure ta nesa da girgizar inji. Na ce ko bel ne ke zamewa. Ta ce ko ya zame ba ruwan mita, tunda hanci a kan sandar kanta yake, abin da ta juya shi zai ƙirga. Ta leƙa ƙaramin maganaɗisun ta ga ya ɗan tara ɓurɓushin ƙarfe, ta goge shi, ta ƙara matso da hancin kusa. Muka gwada a kowace giya, lamba ta tsaya cak. Ta ce mai yiwuwa ɓurɓushin ne, ta tafi wani aiki da ke jiranta.

Tana fita na mayar da kayan aikina inda suke, na sa guntun ƙarfe don gwaji. Lamba ta faɗi ƙasa tana rawa. Na kira ta. Na sake kwashe tarkace na goge wuri. Ta zo ta cire hancin ta sa wani sabo, dama biyu ta saya. Lafiya lau. Ta tafi, abu ya dawo. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, domin yanzu har na fara zargin ko ganin lambar ne ban iya ba. A gida maiɗakina ta ga na kasa cin tuwo, ta ce a hankali, amma kusa da kunne, "Malam, hatsin ma ai sana'a ce."

Washegari da hantsi Uwata ta zo ba tare da na kira ta ba. Na miƙe zan fara gyara wuri ta ɗaga mini hannu.

"Kada ka taɓa komai. Ka yi aikinka kamar ba na nan."

"Za ki ɓata kayanki."

"Akwai sabulu a gidana. Abin nan ba ya yi sai na tafi, to yau na tafi."

Ta zauna a kan benci ta naɗe hannu. Na tayar da dizal, na sa giyar da jiya ta ba mu ɗari biyu a gabanta. Akwati ya nuna ɗari da 'yan kai yana rawa. Ta miƙe ta zo ta tsaya ta zuba masa ido. Na ji wani ɗan sanyi a raina, ko ba komai yanzu mu biyu muka gani. Ta leƙa hanci, ta taɓa waya, ta ciji leɓe. Ba ta ga komai ba.

Muna cikin haka sai ga mai walda ya shigo dafe da ido ɗaya, hawaye na zuba. Tsinin ƙarfe ne ya faɗa masa. A layinmu duk wanda haka ta same shi wurina yake zuwa, saboda ina da wani babban maganaɗisu da maigidana ya ciro daga tsohuwar sifika. Da shi muke zaro ƙarfe daga ido, da shi nake tsince ƙananan kusoshi, kuma a jikinsa nake manna makullin bakin inji da sauran 'yan ƙananan kaya don kada su ɓata. Ya yi baƙi ƙirin da mai, ɓurɓushi ya rufe shi ya zama kamar bushiya, wanda bai sani ba ba zai ce maganaɗisu ba ne. Kwanan nan ne na mayar da mazauninsa murfin kan injin, ta baya, inda hannun haguna ke kaiwa ba sai na duba ba. Na miƙa hannu na ɓamɓaro shi na nufi mai walda.

Uwata ta yi magana, ban ji ba. Sai na ji an fizgi hannun rigata. Ta nuna mini akwati. Ɗari biyu, tsaye cak.

Ta karɓe maganaɗisun daga hannuna ta mayar da shi kan murfin. Lamba ta faɗi tana rawa. Ta cire, ta koma ɗari biyu. Ta mayar, ta cire, ta mayar, ta cire. Mai walda na tsaye da ido ɗaya yana kumfar baki, har ni na ji shi: "Ku Fulani ba ku da imani. Idona na tsiyaya kuna wasan yara." Na goge maganaɗisun na zaro masa tsinin. Uwata ta ce duk da haka ya je asibiti a duba, ya ce shi Babarbare ne, idonsa ba na nono ba ne. Daga baya na ji ya je.

Ta yi mini bayani a kunnen dama. Murfin nan tsakaninsa da hanci bai kai taƙi ɗaya ba. Babban maganaɗisun yana cika masa hanci, sai ƙaramin ya zagayo ya wuce wani lokaci ba a ji shi ba, kamar mai neman ƙamshin turare a gefen mai daddawa. In an tsallake zagaye, lamba ta ragu. Ni kuma in ga ta ragu in ƙara mai. Duk zuwanta kuwa ni da hannuna nake kwashe shi tare da tarkace, don kada ta ɓata kaya. Kara da nake yi mata ita ta yi ta ɓoye mana ɓarawon.

Na yi dariya har na zauna. Daga nan dariyar ta juye, na juya fuska ga bango, ita kuma ta yi kamar tana naɗe waya. Abin da ya kama ni shi ne babu wanda ya yi ƙarya. Mita abin da ya iso mata ta faɗa. Idona ma da ya ce gudun ya yi yawa gaskiya ya faɗa, ni ne na ƙi saurarensa. Ashe ba duka na tafi ba. Uwata ta nemo wa maganaɗisun sabon mazauni can jikin ƙyauren shago, ta ce in ta sake ganinsa kusa da injin ni da ita ne.

A ranar na sake zaɓo ƙarfe. Na tsayar da lamba a ɗari biyu, amma wannan karon ido ɗaya a kan akwati, ɗaya a kan ɓawo. Ya fito fari yana nannaɗewa. Da na kusa kai wa wurin zaman boris sai na tsaya, na tafi sallar azahar na bar shi ya huce, na dawo na auna na ƙarasa. Boris ya shiga da ɗan bugu, ya zauna daram.

Saura Yaya, domin alkawari cewa ya yi in abin ya ba da matsala, kuma ya bayar. Ban so ya ji a bakin wani ba. Na je na taho da shi shago, Uwata ta nuna masa wasan nan na mannawa da cirewa. Ya kalla sau biyu, ya shafa gemu.

"To, na gane. Mudun lafiyarsa ƙalau, hannu aka sa a ciki."

"Haka ne, Yaya."

"Amma kaka ba ta ƙare ba tukuna. Tabarmar tana nan."

Na ce ta zauna, ba na faɗa da ita. Ya yi 'yar dariya ya tafi. A wurin Yaya wannan babban sassauci ne.

Ran Alhamis na ɗaure shaf a bayan babur na kama hanyar Disina da kaina, ban jira Alhaji ya zo ba. Gonaki duk an yanke, ana ta bugu a gefen hanya. Na tarar da buhuna har bakin titi, mata da maza zaune a kansu suna jira. Muka kwance injin ni da Alhaji, muka zura shaf, muka ɗaure, na juya da hannu na ji babu inda yake cijewa. Ya ce a tayar.

Na ga hayaƙi ya fita, na ga bel ya ɗauka, na ga mutane sun mimmiƙe daga kan buhunansu. Wata tsohuwa ta toshe kunnuwa da yatsu tana dariya. Ni kuwa abin da ya iso mini wani ɗan gunji ne can nesa. A da daga kukan nan kaɗai zan san ko aikina ya yi, kuma a wurin na san ba zan ƙara jinsa ba har abada. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Na ɗora tafin hannuna a kan gidan boris. Babu karkarwa, babu zafi. Farar shinkafa ta fara zubowa cikin kwano.

Alhaji ya kamo hannuna ya ja ni waje, bayan bango inda ƙara ta ragu. Ya zagayo ta damana ya sa baki kusa da kunnena.

"Surukina a Giade shi ma nasa ya fara cin boris. Na ce masa ya jira ka. Yaushe za ka samu zuwa?"

Tun ran da bel ya tsinke babu wanda ya tambaye ni wani aiki na gaba da na iya ba shi rana. Na tsaya ina kallon mutanen da ke jan buhunansu zuwa bakin inji.

Na ce, "Ka ce masa Litinin, in Allah ya kai mu."